Jan da Ba na Goro Ba

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, ran wata Lahadi cikin azumi, mu huɗu muke a tsakar gidanmu na haya a Bromakoté, cikin Adjamé ta Abidjan: ni, da Inna mahaifiyarmu, da Kawu ƙanenta mai fataucin goro, da ƙanena, autanmu, wanda yake aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Treichville. Na san lokacin ne don Kawu ya ciro agogonsa na aljihu ya faɗa, yana faɗan an makara da la'asar. Ni ina tace gasarar kunu, Inna tana kan tabarma da carbi, Kawu ya riga ya yi alwala, ƙanena kuma ya tsuguna a bakin magudanar ruwa da buta.

Ya wanke hannu. Ya kurkure baki, ya zubar. Ruwan da ya zubar ja ne.

Kawu ne ya fara magana. Ya ce, "Kai, ɗan nan! Goro ka ci da rana tsaka cikin watan Allah?"

Ƙanena ya dubi siminti, ya dubi Kawu. Ya ce, "Mantuwa ce, Kawu."

"Mantuwa? Ka ɓare shi da mantuwa, ka tauna da mantuwa, har ya yi ja haka ba ka tuna ba? Ko akuya ce ai da ta tuna."

Inna ta ce, "Ƙyale shi mana. Yaro yana ɗaukar buhu cikin rana, hankali yakan tafi."

"Yaro da gemu! To, sai ya rama ranar bayan salla."

Ƙanena ya ce, "Zan rama." Ya ƙarasa alwalarsa da sauri, ya kwarara sauran ruwan buta a kan wurin, suka fita masallaci.

Ni na ci gaba da tace gasarata. Amma a gidan goro na tashi. Jan goro yana da ɗan ruwan ɗorawa a cikinsa, kuma yakan fito da ɓarɓashi. Wanda na gani ba ɓarɓashi, ba ruwan ɗorawa.

Kafin in ci gaba sai in faɗi ko mu su wane ne, don ba na son magana ba tsari. Iyayenmu daga ƙasar Maradi suka zo Abidjan ina yarinya. Shi a Adjamé aka haife shi. Waɗanda aka haifa tsakanina da shi ba su zauna ba, shi ya sa Inna ta ɗora masa duk son da ya rage mata, balle da Baba ya rasu ya bar shi ƙarami. Ni ce 'yar fari. Inna ba ta kiran sunana, ba ta wasa da ni, amma ni ake nema in abu ya lalace. Mijina yana bin huhunan goron Kawu a jirgin ƙasa zuwa arewa, zamansa a hanya ya fi zamansa a gida, ni kuwa ina soya waina da ƙosai a ƙofar gida. Ƙanena kuwa Kumandan yake ce mini, wato babban soja, wai ko tsintsiya a ɗakina sai da izini take jingina. Mutum ne mai baki. A wajen aiki ma shi ne mai ba da waƙa in za su ɗaga kaya mai nauyi, shi ya bayar su amsa.

Abin da ya same shi hawa uku ne, kuma daga bakinsa na ji su daga baya.

Na farko sigari. Da aka buɗe tashar jiragen ruwa samarin unguwa suka yi ta tafiya can dako. Shi ma ya ƙi zaman rumfar Kawu, wai yayyafa wa goro ruwa aikin tsofaffi ne. Buhunan koko da na kafe, wato gahawa, suke ɗauka daga sito zuwa jirgi. Turawan jirgi sukan jefo musu kwalin sigari in sun yi aiki da sauri, su yi wawa. Wanda ba ya sha a cikinsu yaro ake ɗaukarsa. Haƙoransa da Inna take alfahari da su, farare tas, a hankali suka koma kalar ruwan shayi. Wannan mun gani, mun yi faɗa, muka gaji muka bari, don a lokacin ba wanda yake ɗaukar sigari cuta. Almubazzaranci kawai muke kiransa.

Na biyu kutuku. Barasa ce da ake dafawa daga bammi, fara kamar ruwa, mai ƙuna kamar garwashi. Wani turminsa na ƙasa ya fara ciwo, abokan aikinsa suka koya masa maganinsu: a guntsi kutuku, a riƙe a gefen da yake ciwo har wurin ya mutu, sa'an nan a tofar. Da farko tofarwa yake yi, yana gaya wa kansa abin da bai wuce maƙogwaro ba ba a sha shi ba. Daga baya ya fara ganin tofarwar asara ce. Haƙorin ya daina ciwo, ko ya daina ji, amma guntsar ba ta tsaya ba.

Na uku goro. Ɗan gidan da malamai suke shigowa ba zai dawo Adjamé da warin barasa ba. In motar haya ta mil-kilo da take kwaso su ta hau gadar Treichville sai ya jefa goro da kanumfari a baki, kafin su iso unguwa ya tauna ya rufe warin. Kullum da safe Kawu yakan ba shi 'yan ƙanana waɗanda ba su sayuwa. A gidanmu kuwa jan baki ba aibi ba ne, alama ce ta cewa gidan bai rasa ba. Jan da yake kan asuwakinsa, da wanda yake kan rigar matashinsa da nake wankewa, da wanda yake tofarwa a ƙofar gida, duk goro muka ce. Har wata maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Jula tana yi masa kirari da worotigi, wato mai goro, shi kuma yana cire mata hula. Shekaru aka yi a haka. Azumin baya ma ba mu lura ba, don a wajen aiki yake alwalar rana.

To, in koma ga ranar. Da aka sha ruwa na sa masa ido. Ya ajiye kununsa ya huce sarai, ya sha ta gefe ɗaya yana karkata kai. Ƙosai bai taɓa ba. Ya zaga bayan ɗaki ya kunna sigari tun kafin ya yi magariba. Da gari ya waye na je bakin magudanar na duba. Wani ɗigo ya tsira a jikin bango inda ruwan buta bai kai ba. Jan goro in ya bushe ja yake zama. Wannan baƙi ya koma.

Ya fito zai tafi aiki, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce, "Buɗe bakinka."

Ya ce, "Ina kwana, Kumandan. Yau kuma binciken me ake yi? Na rantse ban ɗauki wainarki ba, azumi nake."

"Jiya ka ce ba ka yi ba. Buɗe."

"Yaya, mota za ta bar ni. Kuma bakin mai azumi ne, ba za ki ji daɗi ba."

"Na wanke maka kashi kana jariri, ban mutu ba."

Ya yi dariya, hannunsa a kan baki. Sai a ranar na lura ya daɗe da koyon dariya a bayan tafin hannu. Ban matsa daga ƙofar ba. Da ya ga haka ya juyo wajen haske, ya buɗe.

Zan faɗi abin da na gani yadda na gan shi. Dasashinsa ya kumbura, ya yi ja mai duhu, ya janye daga jikin haƙora har saiwarsu ta fito. Baƙar tsatsa ta kama gindin haƙoran gaba. Turame biyu na ƙasa suna motsi in harshe ya taɓa su. A gefen harshen ta hagu, can ƙasa, akwai miki kamar faɗin farce, bakinsa fari, tsakiyarsa ja. Warin kuwa ba na azumi ba ne.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun damina."

"Wace damina?"

Ya rufe bakinsa. Na ce, "Ka gwammace Kawu ya ce ka sha azumi da ka ce jini ne?"

Ya ce, "Azumi ana ramawa, Yaya. In aka ce jini za a ce asibiti, likita kuwa sai ya tambaya. In Inna ta ji ɗaya abin fa?"

"Wane abu?"

A nan tsaye a bakin ƙofa ya gaya mini maganar kutuku. Mota ta bar shi ranar. Ya roƙe ni don girman Allah kada Inna ta ji. Na ce zan riƙe bakina in zai bi ni asibiti. Ya ce bayan salla.

Bayan salla maganar haƙoran ta kai ga Kawu, don kuncin ya kumbura, ba ta ɓoyuwa. Kawu ya ce, "Asibitin Nasara don haƙori? Kakanninmu da wa suka cire nasu?" Ya kai shi wurin wani wanzami da yake zama a layin da ke bayan ma'aikatar gari ta Adjamé. Wanzamin ya cire turamen biyu da awartaki, ya ba shi bagaruwa ya riƙa kurkurawa. Ya ga mikin, ya ce kaifin haƙori ne yake gogar harshe, tunda an cire zai warke. Ƙanena ya dawo da murna, ya ce, "Kin gani, Kumandan? An kama ɓarayin, an rufe shari'a."

Ramukan haƙoran suka rufe. Mikin bai rufe ba. Abinci ya fara barinsa ɗaya bayan ɗaya. Tsire ya fara tafiya, shi da yake iya tashi da na mutum biyu. Sai acheke, dambun rogon ƙasar, da kifi, saboda barkono. Sai tuwo, in ba an sassauta shi an tsinka miya ba. Maganarsa ta fara nauyi kamar mai riƙe da tsakuwa a baki. In na ce asibiti sai ya ce an cika jirgi a tasha, ba a ba da hutu.

Ran nan na kashe wutar waina da wuri, na yafa gyale, na shiga mil-kilo. Muka ratsa Plateau, muka haye gada, na sauka a Treichville ana shirin azahar. Ban taɓa zuwa wajen aikinsa ba. Na yi ta tambaya da Julanci, yaren kasuwar garin, har aka nuna mini bayan sito, inda 'yan dako suke hutun rana. Wata mace tana zaune da babbar kwalba a cikin kwando tana zuba musu a ɗan kofi. Ƙanena yana kan gungumen katako, kuncinsa na hagu a cike, sigari yana ci a tsakanin yatsunsa. Da ya gan ni ya rasa yadda zai yi da abin da yake bakinsa. Tofarwa tonon asiri, haɗiyewa tonon asiri. Ya haɗiye.

Wani dattijon Bazabarme da suke aiki tare ya taso, ya ce, "Uwar gida, kada ki yi masa faɗa. Magani yake yi. Mu duk nan da shi muke kashe ciwon haƙori, ni shekara da shekaru." Ya yi mini murmushi. Abin da ya rage a bakinsa bai isa tauna ayaba ba.

Na ce, "Na ga yadda ya warkar da kai, Baba."

Sauran suka fashe da dariya, har da dattijon. Ƙanena bai yi ba. Na ce, "Tashi."

"Yaya, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka zauna."

Ya tashi. Asibitin ba shi da nisa daga nan, da ƙafa muka tafi, ni a gaba shi a baya.

Likitan Bature ne. Wani ma'aikacin jinya yana juya maganarsa zuwa Julanci saboda ni. Likitan ya danne harshen da ɗan katako, ya haska, ya sa yatsa ya latsa gefen mikin, ya shafa wuya ta kowane gefe. Sa'an nan ya yi tambayoyin da ƙanena yake tsoro. Yana shan sigari? I. Tun yaushe? Tun da ya fara aiki. Barasa fa? Ƙanena ya dube ni, na kau da kai, ya ce i. Da ya bayyana yadda yake riƙe ta a kunci likitan ya ajiye katakon. Ya ce hayaƙi yana ƙona fatar baki kullum, barasa kuma tana lalata ta yadda gubar hayaƙin za ta shiga sosai, in suka haɗu a baki ɗaya sun fi kowannensu shi kaɗai ɓarna. Shi kuwa a wuri ɗaya yake tara su. Ya ce dasashi da haƙora abu ne da za a iya gyarawa in ya bar duka biyun. Mikin ne bai so ba. Ya yanki ɗan ƙanƙani daga gefensa, ya ce mu dawo.

Da muka koma ya ce ciwon daji ne. Ya ce wuyan bai kamu ba tukuna, kuma wannan sa'a ce. Za a yanke ɓangaren harshen da ciwon yake, kuma da wuri ake so. Ƙanena ya tambaya da Faransancinsa na tasha ko zai yi magana bayan haka. Likitan ya ce zai yi, amma ba kamar da ba, wataƙila sai na gida ne za su riƙa ganewa.

Irin wannan magana ba a yanke ta ba tare da manya ba. Kawu ya kira malamin masallacin unguwarmu, wanda yake karantar da shi littattafai, muka zauna a ɗakin Inna bayan la'asar. Na faɗi abin da likita ya ce game da yanka. Kawu bai bari na rufe baki ba.

Ya ce, "Mutum ya koma ga Ubangijinsa da rabin harshe? Da me zai karanta Fatiha? In ajali ya zo da me zai cika da kalmar shahada? Malam, ka gaya musu."

Malam ya ce, "Likitan ya faɗi abin da ya kawo ciwon?"

Na dubi ƙanena, don na yi masa alkawari. Ƙanena ne ya amsa, kansa a ƙasa. Ya ce, "Sigari ne, Malam. Da barasa."

Kawu ya miƙe tsaye. "Barasa? A gidan nan? Ɗan 'yar'uwata?"

Inna ta ce, "Zauna."

Ban taɓa jin ta yi masa magana da wannan murya ba. Ta ce, "Na sani. Tun farko na ji a rigarsa. Ni ce na ce ka riƙa ba shi goro kullum, na ce maka don kada barci ya ɗauke shi a wajen aiki. Ba don barci ba ne. Don kada maƙwabta su ji ne." Ta ja carbinta ɗaya, ta tsaya. "Na ce in asiri ya rufu wata rana zai bari da kansa. Jan kuwa na ɗauka goron ne."

Kawu ya zauna. Ƙanena ya sa fuskarsa cikin hularsa ya yi kuka, irin kukan da ban ji ya yi ba tun lokacin yayensa.

Malam ya bari ɗakin ya natsu, sa'an nan ya yi magana a taƙaice. Ya ce barasa haramun ce, ba sai ya gaya wa kowa ba, amma ƙofar tuba ba a rufe take ba. Ya ce neman magani ba saɓo ba ne. Ya ce bebe ma yana salla, kuma ana karɓa. Ya ce, "A yanka."

Na ɗauka an gama. Ashe mai harshen bai yarda ba. Ya ce, "Malam, na ji. Amma ni da bakin nan aka san ni. A bar ni in yi Layya da harshena, in gaisa da mutane, sa'an nan."

Na ce, "Likita ya ce da wuri."

"Likita ba harshensa ba ne, Kumandan."

Barasa ya bar ta a ranar, wannan na shaida, don na ga yadda hannunsa ya yi ta rawa har ya daina. Sigari ya rage, bai bari ba. Layya ta zo, ya ci 'yar hanta da na daka masa, ya zaga dangi. Bayan Layya ya ce sai ruwa ya ɗauke, wai miki ba ya warkewa cikin damina. Da ruwa ya ɗauke ya ce a bari ya gama shan wani rubutu da aka kawo masa. Da rubutun ya ƙare lokacin koko ya kama, ya ce in ya kwanta yanzu wani zai ɗauki wurinsa. Na yi faɗa. Na yi lallashi, wanda ba halina ba ne. Na sa mijina ya yi masa magana, na sa Malam ya sake. Sau ɗaya har mun kai gada ya sauka daga motar ya koma da ƙafa. Namiji ne babba, ba a goya shi. Inna kuwa tun ranar zaman nan ba ta iya ce masa a'a, ba ta iya ce masa i.

Abin da ya kai shi a ƙarshe ba maganarmu ba ce. Wata rana a wajen aiki ya buɗe baki zai ba da waƙa, abin da ya fito ba wanda ya gane, abokansa suka tsaya riƙe da kaya suna kallonsa. Ya dawo tun kafin la'asar, ya tsaya a gaban kaskona, ya ce, "Gobe." Da ya juya na ga wani ƙululu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, wanda gemu yake rufewa.

Likitan ya gane mu. Ya duba bakin kaɗan, ya daɗe a wuyan. Ya je ya wanke hannu, ya yi magana da ma'aikacin jinyar a hankali. Ma'aikacin ya ce mini, "Ya ce yanka ba zai yi amfani ba yanzu, ya wuce wurin. Ga maganin rage zafi. Ku tafi da shi gida." Ƙanena yana jin Faransanci, bai jira fassara ba, ya riga ya sa hularsa.

A kan gada, cikin mota, ya taɓa ni da gwiwar hannu. Da ƙyar na gane abin da ya ce. Cewa ya yi, "Kumandan, an sallame ni daga soja."

Sauran ba shi da tsawo, kuma ba zan tsawaita shi ba. Daga tuwo mai ruwa ya koma kunu da cokali. Daga kunu ya koma ruwan da ake ɗiga masa da auduga. Mutumin da yake ɗora buhun koko a kafaɗa kamar matashi, ni kaɗai nake juya shi a kan gado. Wari ya cika ɗakin, muna ta ƙona turare, yaran gidan suka daina wasa ta wajen ƙofarmu. Inna ce take wanke masa baki da ruwan gishiri safe da yamma, ba ta yarda kowa ya karɓe ta ba. Harshen da aka ji tsoron a rage, ciwo ya ɗaure shi gaba ɗaya. Ya daina magana sai nuni. In na shigo da tsintsiya yakan ɗaga hannu ya sara mini irin ta soja, ni kuma in ce masa, "Huta," in juya baya in yi shara.

Ranar da zai tafi, da hantsi, numfashinsa ya canza. Aka kira Malam. Muna nan dukanmu, har da mijina da ya dawo daga hanya. Malam ya sunkuya yana karanta kalmar shahada a kunnensa, a hankali, yana maimaitawa. Leɓunansa suka motsa. Muka kasa kunne, ba abin da ya fito sai iska. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Idonsa yana kan Inna. Sa'an nan ya ɗaga manuniyarsa ta dama daga kan bargo, ya riƙe ta a tsaye. Haka take har Malam ya sa hannu ya kwantar da ita.

A tsakar gida na ji Kawu yana tambayar Malam, "Ya samu kuwa? Ban ji ya faɗa ba."

Malam ya ce, "Ba kai aka gaya wa ba."

Bai kai shekara talatin ba. Bai yi aure ba, bai bar ɗa ba. Inna ba ta sake shekara a Abidjan ba, ta bi mijina a jirgin ƙasa ta koma arewa wurin danginta, a can ta rasu. Ni ce na rage a cikin waɗanda suka san muryarsa, kuma na tsufa.

Ga roƙona gare ka, mai karatu, kuma abu biyu ne. In akwai mai shan sigari ko barasa a gidanku, ɗanka ne ko ƙanenka ko mijinki, kuma ya ce yana da miki a baki wanda ya ƙi warkewa, ko ka ga yana tauna ta gefe ɗaya, ka fito da shi haske ka duba da idonka, ka kai shi wurin likita a makon nan, kuma abin da likita ya ce a yi, a yi shi a lokacin da ya ce. Wa'azi a yi masa a hanya. Na biyun kuma, in ka idar da sallar da za ka yi nan gaba, ka roƙa wa ƙanena gafara. Ban faɗi sunansa ba, ka ce autan gidan goro na Bromakoté, Allah ya san shi.